Safar Ulu a 'Yar Kutungu

Ilu ya yanke igiyar dila tun da hantsi,
kaya suka zubo kan tabarma
kamar kayan cikin sa ranar layya.
Na tsuguna, na naɗe bakin mayafi,
na ce safa nake nema, ta ulu,
ba irin ta 'yan firamare ba.

Ya ce duk nan ulu ne, Hajiya.
Ni ban je Makka ba,
su ma ba su taɓa ganin tunkiya ba.

Na ce ara mini ashana.
Na tsinko zare guda daga bakin wata baƙa,
na kai masa wuta.
Ya narke, ya dunƙule,
ya yi warin leda a juji.
Na jefa ta gefe.
Ta biyu haka, ta biyar haka,
Ilu na ta ƙirga tsinkayen ashanarsa da ido.
Sai wata mai ruwan toka
ta ba ni ƙaurin babbakar kan rago,
tokarta ta murmushe tsakanin yatsuna.
Haka Gwaggo Tasalla ta koya mini
tana saƙa hular jarirai a bakin murhu:
ido yana cin bashi, hanci ba ya ci.

Ba tawa ba ce.
Ta Baba ce, mai gadin shagon siminti
can Ƙofar Marusa, shekara goma sha bakwai.
Benci guda, tocila, kaskon garwashi
da ke mutuwa kafin ƙarfe uku.
Ya ce ɗari ba ta ƙirji yake kama tsoho ba,
ta ƙasa yake hawowa, kamar gara,
ya fara da faso, ya ƙare a gwiwa.

Don haka na zura hannu har dunduniya,
na buɗe yatsu, na ɗaga ta ga rana.
Inda haske ya ratso, nan sanyi zai bi.
Na ja bakin, na saki.
Kada robar ta matse,
likita ya ce jininsa ba ya son shinge.

Ga dunduniyar, wani ya riga ni.
Ɗinki ne ƙanana, a jere, da jan zare,
hannun wata a ƙasar da ban san sunanta ba,
ita ma tana da tsohon da take tsoron
kada asuba ta same shi a sandare.
Na shafa wurin, kamar mun gaisa.

To, ina 'yar'uwarta?
Muka tone tulin har tabarma ta fito.
Babu.
Gwanjo ba ya alkawarin tagwaye.
Sai wata shuɗiya, ta ɗan fi ta tsawo,
ita ma ta ci jarrabawar wuta.

Ya ce dubu da ɗari biyar.
Na ce marayu biyu ka haɗa mini, ɗari bakwai.
Ya ce albarka.
Na miƙe, na kakkaɓe zane.
Ya ce kawo takwas, har da kuɗin ashana.

Da magariba Baba ya juya su a hannu,
ya ce Laure, ɓarnar kuɗi,
ƙafar da ta taka Jibiya ta dawo
me zare zai ƙara mata?
Ya cusa su aljihu bai dube ni ba.

Yau da assalatu na bi ta wurin da kokon kunu.
Yana alwala, buta na rawa a hannunsa,
ya wanke dama, ya goge da gefen rawani,
maza ya zura mai toka,
ya wanke hagu, ya zura shuɗiya.
Ya ɗago, ya gan ni.
Ya ce, wannan ta fi ɗumi,
bai ce wacce ba.